Yadda ake haɗa ruwan karan dawa don rage ciyawa a gona

Idan ka taɓa yafa irin alayyafo ko na karas a filin da aka sare dawa ba da jimawa ba, wataƙila ka lura da yadda tsiron ke fitowa tsilli-tsilli, kamar wanda aka yi wa dole. Mukan ce dawa ta cinye ƙarfin ƙasa. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Dawa tana da nata makami. Saiwarta tana fitar da wani abu mai maiƙo da masana ke kira sogoliyon, wanda ke hana ƙananan tsirran da ke kusa da ita cin moriyar hasken rana. Kara da ganyenta kuma suna ɗauke da wasu sinadarai masu narkewa a ruwa, waɗanda ke daƙile tsirowar iri da miƙewar saiwa. Waɗannan na cikin kara su ne za mu jiƙo mu fesa.

Dabarar daga Pakistan ta fito. Masu bincike a Jami'ar Noma ta Faisalabad, a ƙarƙashin Zahid Ata Cheema, su suka tsara ta suka raɗa mata suna Sorgaab, wato ruwan dawa. A rahoton da suka fitar a shekarar 2000, ruwan ya rage ciyawa a gonar alkama da kashi 35 zuwa 49 cikin ɗari, amfanin kuma ya ƙaru da kashi 10 zuwa 21. Ka dubi alƙaluman nan da kyau kafin ka ɗauki adda. Ko rabin ciyawar bai kai ba. Wanda ke son ya fesa yau, jibi ya tarar da gona ta yi ƙurmus kamar an bi ta da wuta, ya tafi shagon magani kawai. Ruwan kara ba ya kashe ciyawa, kassara ta yake yi. Takan tsaya cak ta tsumbure, shukarka ta wuce ta, ta rufe ta da inuwa, aikin fartanya ya ragu. Na sha yin sa a alkama da masarar rani, kuma abin da na gani ke nan.

Kayan aiki

Busasshen karan dawa da ganyensa, kilo 10. Durom mai cin lita 200, na roba ya fi, wanda ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. Ruwa mai tsabta lita 100. Adda da gungumen sara. Buhu biyu ko uku. Tsohon gidan sauro da ƙyallen atamfa don tata. Dutse mai nauyi da guntun katako. Bokitai. Injin feshi na goyo mai cin lita 15 ko 16. Sabulun ruwa na wanke-wanke. Faranti biyu da ɗan irin alayyafo don gwaji. Idan kana son ajiyewa, sai ka ƙara babbar tukunya, itace, da jarka mai murfi.

Wannan adadin na kwatan hekta ne, feshi ɗaya. Mai hekta guda sai ya ninka sau huɗu.

Idan babu sikeli, kada ka yi kirdado. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cika jarka da lita 10, ka rataye ta a gefe ɗaya na doguwar sanda, buhun kara a ɗaya gefen, ka ɗaure igiya a tsakiyar sandar daidai ka ɗaga. Inda suka yi kunnen doki, kilo goma ke nan. Za ka yi mamakin yawan karan, domin abu ne marar nauyi.

1. Zaɓen kara

Nemi karan dawar da ta nuna aka girbe, ya bushe a inuwa ko a tsaye a kan rumfa, ruwan sama bai dake shi ba. A nan ne ake yin kuskuren farko. Abin da muke nema yana narkewa a ruwa, to karan da ya kwana a fili damina ta wanke shi ya riga ya zubar da ƙarfinsa a ƙasa. Haka wanda ya yi baƙi ko ya yi fumfuna, bar wa murhu.

Kada ka kaɗe ganyen, da shi ake so. Kada ka sa takanɗa, zaƙinta yana sa ruwan saurin tsami. Karan gero da na masara ba sa maye gurbin na dawa a wannan aiki.

Ɗanyar dawa ƙarama da gyauro kuwa, ka nisance su. Makiyaya sun san gyauron dawa yana kashe dabba, saboda gubar da ke taruwa a ɗanyen ganyensa. Ba ka bukatar wannan a duron da ke tsakar gida inda awaki ke zagayawa.

2. Sara

Daddatsa karan gutsi-gutsi, tsawon gaɓar yatsa, santimita biyu zuwa uku. Aiki ne mai cin rai, kilo goma zai ɗauke ka kusan rabin yini idan kai kaɗai ne. Idan a garinku akwai injin da ke niƙa kara don abincin dabbobi, kai masa, ka huta. Wanda ya ga ya gaji ya jefa dogayen kara a ruwa, bawon karan ba zai bari ruwa ya shiga ba, abin da zai tata bai fi ruwan wanke hannu ba. Idan adda ta gagara, a farfasa karan a turmi tukuna sannan a kakkarya.

3. Jiƙo

Ma'aunin shi ne kilo 1 na kara, lita 10 ta ruwa. Zuba karan a durom, ka bi shi da ruwan lita 100. Kada ka ce tunda durom na cin 200 bari ka ninka, karan kilo ashirin ba zai shiga ba, ruwan ma ba zai sami wuri ba.

Karan zai taso sama. Danna shi da katako ka ɗora dutse, har ruwa ya shanye shi. Ni nakan cusa karan a buhuna in ɗaure baki sannan in nutsar da su, don tsamowa ta yi sauƙi. Rufe durom, ka ajiye a inuwa, awa 24. Idan ka jiƙa da hantsi, gobe da hantsi ka tace. A tsakani ka juya sau biyu ko uku.

Kada ka bi tunanin cewa daɗewa tana ƙara ƙarfi. Na taɓa barin nawa kwana huɗu saboda wata tafiyar gaisuwa, na dawo na tarar da kumfa da wari, ga yauƙin da ya toshe mini bakin inji sau ba adadi. Da hunturu, lokacin da ruwan ke da sanyi ƙarara, za ka iya ƙara masa rabin yini. Da bazara kuwa kada ya wuce awa 24.

Ruwan rijiya ko na rafi duk ya yi, muddin ba mai laka ba ne. Ruwa mai kanwa-kanwa ka guje shi.

4. Tata

Tsamo karan ka matse shi sosai, domin ruwan da ya fi ƙarfi yana cikin totuwar. Idan a buhu yake, ɗora buhun a kan katako bisa bakin durom, ka taka. Tace da gidan sauro, sannan ka sake tacewa da ƙyalle ninki biyu. Ruwan zai fito launin shayi, wani lokaci da ɗan ja, gwargwadon irin dawar. Daga lita 100 za ka samu tsakanin 70 da 80, sauran kara ya sha. Wato kimanin cikin inji biyar.

5. Gwajin faranti

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne kaɗai zai gaya maka ko abin da ka haɗa yana da ƙarfi. Ire-iren dawa ba ɗaya suke ba, kuma kara ɗaya ma yakan bambanta daga shekara zuwa shekara.

Shimfiɗa ƙyalle a faranti biyu. A kowanne ka jera ƙwayar irin alayyafo 20. Jiƙa ɗaya da ruwan sha, ɗaya da ruwan kara, ka rufe, ka riƙa ɗan yayyafa wa kowanne nasa ruwan don kada ya bushe. Bayan kwana huɗu ko biyar ka duba. Yawan waɗanda suka tsiro ba shi ne babban ma'auni ba, tsawon saiwa za ka kalla. Idan na ruwan kara sun yi gajeru, bakinsu ya yi ruwan ƙasa, to karanka yana da kyau. Idan farantan biyu ba su da maraba, canza kara.

Tunda ruwan ba ya jiran kwana biyar, yi gwajin tun da wuri da ɗan kaɗan: gram 100 na kara a lita ɗaya, mako guda kafin babban jiƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ranar gwajin kuma ka fesa ragowar litar a kan ɗan ɓangaren shukar da kake son karewa, kamar taku biyu. Alkama da masara suna jurewa. Amma kayan lambu masu ƙananan iri, irin su latas, karas, alayyafo da tumatir da ke gadon reno, abin da ke kassara ciyawa su ma yana kassara su. Na taɓa juye ragowar inji a gefen gadon latas don kada in yi asara, latas ɗin ya yi mako biyu bai motsa ba.

6. Dafawa, ga mai bukata

A Pakistan sukan tafasa ruwan har ya koma kashi ɗaya cikin ashirin, sannan su tsarma shi da ruwa ranar feshi. Wasu sun ɗauka dafawar ce ke ba shi ƙarfi. Yi lissafi ka gani: ka ƙone lita 300 ta koma 15, ka je gona ka mayar da ita 300. Inda ka fito nan ka koma. Amfanin dafawa biyu ne kawai, sauƙin ɗauka da daɗewa a ajiye.

Saboda haka idan duronka yana bakin gona kuma yau za ka fesa, kada ka ƙona itacenka. Zuba ruwan yadda yake a inji, ba tare da ƙarin ruwa ba.

Idan gonar da nisa, ko kana so ka haɗa na feshi biyu a lokaci ɗaya, to dafa. Lita 75 za ta koma kusan lita 4. Yi alama a jikin sanda tun farko don ka san inda za ka tsaya. Wuta matsakaiciya, tukunya a buɗe, a fili, kuma idan ya fara kauri ka riƙa juyawa don kada ya kama. Ya huce, ka sake tacewa, ka zuba a jarka ka rufe, ka ajiye a wuri mai sanyi. Yakan yi makonni. Rubuta a jikin jarkar, ka ɗaga ta sama, domin kamarsa ɗaya da ruwan tsamiya, yaro zai iya kurɓa. Ranar feshi, robar ruwa mai santilita 75 guda ɗaya a kowane inji, ka cika da ruwa zuwa lita 15.

7. Shirya inji

Wanke injin da sabulu, ka ɗauraye sau uku, har da tiyo da baki. Idan aro ka yi, ka ɗauka maganin ƙona ciyawa ne ya fita daga cikinsa jiya. Ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya babbake maka layin farko, ka zo kana zagin karan dawa.

Sa baki mai watsa ruwa a faɗi, irin na maganin ciyawa. Sannan ka auna tafiyarka: shata fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ka zuba ruwan banza a inji ka fesa da irin takun da ka saba. Lita 3 ake so ta tafi, wanda ya yi daidai da lita 300 a hekta. Idan ta wuce haka ka ƙara sauri, idan ba ta kai ba ka rage.

A kowane inji ka sa sabulun ruwa cokali ɗaya na cin abinci, bayan ka cika, don kada kumfa ta hana ka ganin ma'auni. Sabulun yana sa ruwan ya kwanta a ganye maimakon ya gangare.

8. Lokacin feshi

A nan ne aikin yake ci ko ya faɗi. Ruwan kara yana tasiri ne a kan ciyawar da ba ta wuce ganye biyu zuwa huɗu ba. Da zarar ta kai tsawon tafin hannu ta yi rassa, ka makara, ɗauko fartanya.

Masu binciken Faisalabad sun fesa wa alkama a kwana 30 da kwana 60 bayan shuka. Sanyinsu ya fi namu tsawo, alkamarsu tana daɗewa a gona. A nan komai yana sauri, don haka ni ba na ƙirga kwana, ciyawar nake kallo. Yawanci feshin farko yana faɗowa tsakanin mako biyu da uku bayan shuka, na biyu kuma mako biyu zuwa uku bayan na farko. Feshi ɗaya ba ya isa, kuma na biyun da sabon jiƙo ake yi, sai dai in dafaffe ka ajiye.

Fesa da safe bayan raɓa ta bushe, kafin iskar hunturu ta taso. Saukar da bakin inji daidai gwiwa, ka nufi ciyawar da ke tsakanin layi, ka jiƙa ta sosai. Ka yi ban ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin feshi, ka kuma jinkirta na gaba da kwana biyu. Da damina, idan ka ga hadari ka fasa, ruwan sama zai wanke komai. Wannan ne ma ya sa na fi amincewa da dabarar a noman rani.

Ko da yake daga tsiro ya fito, sa takalmi da dogon wando, ka rufe hanci, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

9. Barin shaida

Bar kunya biyu ko fangali ɗaya a tsakiyar gona ba ka fesa ba, ka kafa kara a kusurwoyinsa. Idan ba ka yi haka ba, ba za ka taɓa sanin ko aikin ya yi ba, domin sauyin ba ya faɗowa ido nan take. Bayan kwana goma ka tsuguna ka kwatanta. Ciyawar da aka fesa za ta kasance gajera, ganyenta ya koɗe, idan ka ja ta sai ta tuge ba gardama saboda saiwar ba ta yi nisa ba. Ranar cira, ka tara ciyawar taku biyar daga kowane ɓangare ka ɗaga ka ji nauyi.

Abin da yake ci da abin da ya fi ƙarfinsa

Na fi ganin tasirinsa a kan masu fitowa daga iri kowace shekara: rukuɓu, gasaya, da ƙananan harƙiya da gude-gude. Aya-aya takan ja baya na ɗan lokaci, amma tana da rumbu a ƙarƙashin ƙasa, za ta dawo. Tofa da ƙiri-ƙiri kuwa kada ma ka ɓata ruwanka, sai haƙa da tsince saiwa.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, lamarinsa dabam ne. A saiwar hatsi yake maƙalewa, kuma abin da saiwar dawa ke fitarwa shi ke tayar da irinsa daga barci. Fesa masa ruwan kara aikin banza ne. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun gwada garin 'ya'yan dogon yaro da na ɗorawa a gonar dawa, sun ga fitowarsa ta ragu. A Kenya kuma ana shuka wata ciyawa dangin wake mai suna Desmodium a tsakanin layukan masara, saiwarta tana hana shi kamawa. Abin da kowa ke iyawa dai shi ne tuge shi kafin ya yi fure, da juya gonar zuwa waken soya, gyaɗa ko auduga.

Idan wani abu ya rasa

Babu injin feshi? Shimfiɗa saran karan a tsakanin layuka bayan shuka ta fito ta yi ƙwari. Yana tare haske, yana riƙe laima, kuma duk ban ruwa yana tatso sinadarin zuwa ƙasa. A gaskiya wannan ya fi feshi tasiri a wurina, sai dai yana cin kara, ana maganar tan biyu zuwa sama a hekta. Ga shi kara yanzu ba kayan banza ba ne, mai shanu yana nema, mai darni yana nema, uwargida tana nema. Feshi kuwa kilo 40 ya ishi hekta a kowane zagaye. Ka kuma lura da gara idan gonarka tana da ita.

Kara ya yi kaɗan? Ana cika shi da busasshen ganyen bishiyar turare, wadda ka san ba abin da ke yin kirki a gindinta. Ma'aunin bai canza ba, ɗaya bisa goma, amma ka sake gwajin faranti da na shuka, domin yakan fi zafi.

Wasu suna amfani da ruwan khal. Na girki yana da tsami kashi 5 cikin ɗari, yana ƙona ganyen ƙaramar ciyawa idan rana ta take, amma ba ya bambanta ciyawa da shuka, ba ya kuma kai wa saiwa. Ya yi a tsakar gida da gefen hanya, a gona kuwa kuɗinsa ya fi na ɗan ƙwadago. Man kanumfari ma haka yake ƙonawa, tsadarsa ta fi. Za ka ji masu cewa a haɗa da gishiri. Kada ka kuskura. Ciyawar za ta mutu, amma gishirin zai zauna a ƙasa, kuma ƙasar noman rani da ma tana fama da shi.

Akwai kuma hanyar gauraya ruwan kara da maganin kanti. Gwaje-gwajen Pakistan sun nuna idan aka haɗa shi da rabin ma'aunin magani, sakamakon yakan yi kusa da na cikakken ma'auni. Tanadi ne na gaske a lokacin da magani ya yi tsada. Sai dai ina da ja a nan: yawan ba ciyawa ƙaramin ma'auni shekara da shekaru yana iya barin masu taurin kai su yaɗu, har maganin ya daina cin su. Idan za ka yi, ka tabbata maganin na shukar da ke gonar ne, ka gwada haɗin a kwalba ka ga bai guntse ba, ka bi da cira don kada waɗanda suka tsira su zubar da iri, kuma kada ka maimaita magani ɗaya kowace shekara.

Tukar karan da ka matse kada ka ba dabba idan ta fara tsami. Baza ta a gindin mangwaro ko gwaiba, ko ka zuba a ramin taki ka haɗa da kashin shanu, ta ruɓe wata biyu zuwa uku kafin ta koma gona. Ruwan ɗaurayar inji da durom kuma ka zubar a kan hanya, nesa da gadon reno da bakin rijiya.